Laifin Mage

"Hajiya, kada ki ƙara ruwan zafin nan," in ji Mai-kafet daga bakin ƙofa. "Zafi kama zarnin yake yi, ya zauna daram."

Ai kuwa ta riga ta zuba buta guda, ta bi da turare. Babbar 'yar Hedimasta ce, jiya ta sauka bayan an binne uban, kuma tun da ta shigo ba abin da ya dame ta kamar warin ɗakin. Masu ta'aziyya na cika falo, ƙofar ɗakin kuwa falon take kallo.

"Wannan shegiyar magen ce," ta ce, hancinta cikin mayafi. "Tsoho da tsafta irin Baba, ta mayar masa da ɗaki masai."

Mai-kafet ya ajiye bokitinsa ya durƙusa. Shekara ashirin yana sana'ar wankin kafet, ko idonsa a rufe ya san fitsarin mage: ɗan kaɗan ne, a lungu ko jikin bango, warinsa na sukar hanci. Wannan kuwa faffaɗa ne, daga gefen gado ya miƙe zuwa ƙofar banɗaki.

Ba yau ya sani ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da wannan, kuma shekara biyu ke nan duk mako Hedimasta kan leƙo, ga hula a karye, ga riga a goge, ya ce, "Ɗana, magen nan ta sake yi." Shi kuma ya amsa, "Baba, sai haƙuri da mage." Ba wanda ya taɓa kallon idon wani a cikinsu. 'Ya'yan nan da ke toshe hanci yanzu, waya ce kawai ta san muryarsu, ita ma sai an yi sa'a.

Shekaranjiya da hantsi shi ya iske tsohon a kwance a nan ba rai, taku uku ya rage masa ya kai banɗaki. Sai da ya canza masa wando, ya cusa jiƙaƙƙen a ƙasan bokitinsa, sannan ya fita ya kira mutane.

Yanzu ya shimfiɗa tsumma ya danna da tafin hannu, ba ya gogawa. Ya yayyafa ruwan sanyi da khal, ruwan tsamin nan mai kashe wari, ya sake dannawa, sannan ya barbaɗe wurin da farar hodar soda. Magen ta fito daga ƙarƙashin gado, rama duk ta kama ta, ta ratsa ɗakin tana shinshine-shinshine.

Ƙanen Hajiya ya shigo da buhu a hannu.

"Yaya ta ce in kai ta can bayan gari in yar."

"Ku bar mini ita," in ji Mai-kafet. "Ba ta da ci."

"Gobe ta hauro katanga ta dawo ta ƙarasa mana kafet? A'a." Hajiya ta juyo gare shi. "Kai da ka san aikin, faɗa mana tsakaninka da Allah. Ba nata ba ne?"

Ya dubi kafet ɗin. Kalma ɗaya ta isa ta ceci dabbar nan da ta fi su duka zama da tsohon. Kalmar nan kuma kafin magariba ta zaga falo, ta fita layi, mutumin da ya koyar da rabin unguwa karatu ya zama tsohon da ke fitsari a wando. Ya ji ya tsane su, ya tsani kansa.

"Nata ne," ya ce.

Magen ba ta ko yi gardama ba da aka ɗaga ta. Sai da aka ɗaure bakin buhun ta fara kuka, kukan ya bi ta falo, mata suna matsawa su ba da hanya. Aka rufe but ɗin mota.

"Yaushe zai daina wari?" Hajiya ta tambaya.

"Sai hodar ta sha. Zan dawo in share."

Ta fita ta bar shi a durƙushe. A kan farar hodar ga sawun ƙafafu ƙanana a jere, sun ratsa tsakiya sun tsaya a gefen gado, daidai inda tsohon kan sauke ƙafafunsa.