Makunnin da Dogo Ya Ɓoye

Wani dare na ji wata ƙara a ƙofar gidanmu, siririya, kamar ɓera na gurgurar ƙarfe. Ni mutum ne mai son abin da ban saba ji ba, don haka na yi lamo ina saurare, ina tunanin wace halitta ce mai irin waɗannan haƙora. Da gari ya waye muka tarar halittar ta bar guntuwar waya a ramin makullin akori-kurar Dogo, ɗan yayana, wanda nake zaune a gidansa tun da na bar aikin gadi.

"Baffa, shekara ashirin kana gadi," in ji matarsa, "ka ji ɓarawo ka gyara kwanciya?"

Na ce mata ƙarar ce ta yi mini daɗi. Dogo bai yi dariya ba. Da motar nan yake kwasar bulo da yashi, ita ce cin gidan gaba ɗaya.

A ranar ya kai ta wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ni ma na bi shi. Rumfar kwano ce, wayoyi na reto daga sama kamar hanji a mahauta. Mutumin ya shige ƙarƙashin sitiyari da ɗan ƙwan gwajinsa, yana tsikarar waya ɗaya bayan ɗaya, har ya sami wadda ke kai wuta famfon mai. Ya datse ta, ya jona wasu dogaye guda biyu, ya naɗe su da baƙin salatif har suka saje da sauran. Sannan ya ɗora wa Dogo wani ɗan makunni a tafin hannu, bai fi ƙwayar wake ba.

"In ba a danna wannan ba, sai dai injin ya yi ta tari, ba zai tashi ba. Ka je gida ka dasa shi inda ka ga dama. Kada ka gaya mini."

"Kai ba za ka sa mini ba?"

"Na taɓa sa wa wani, aka sace motar bayan wata biyu. Wa ya san wurin? Ni. Kwana uku na yi a tsare. Tun daga nan ban san inda na kowa yake ba."

Dogo ya rufe tagogin motar da buhuna, ya wuni a ciki. Matarsa ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce, "Baban yara, za ka fito ko a miƙo maka katifa?" Da ya fito ta tambaye shi wurin, ya ce abin da ta sani da safe, duk layin nan sun san shi kafin azahar. Ta ce ita da ko tuƙi ba ta iya ba, ya riƙe kayansa.

Daga nan ya ƙirƙiro wata ɗabi'a don rikita masu leƙe. In ya shiga mota sai ya taɓa madubi, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya buɗe aljihun gaba ya rufe, ya shafa bayan sitiyari, ya ja ledar giya, ya ƙwanƙwasa rufi, ya laluba jikin ƙofa. Bakwai ke nan, sannan ya murɗa makulli. Kullum ina kan bencina ina kallo. Yana yi mini kama da mai lallashin dabba kafin ya hau ta. Wata huɗu ina kallo, har na haddace jerin.

Wata safiya, wajen ƙarfe tara, ya sunkuya a bakin famfo zai wanke fuska sai ya kife. Da muka juyo shi bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Idanunsa a buɗe suke, suna bin mu.

Gidanmu ne na ƙarshe a layin, ruwa ya cinye hanyar, masu haya ba sa shigowa. Maza duk sun fita aiki sai tela maƙwabcinmu, wanda ya iya tuƙi. Muka shimfiɗa katifa a bayan motar muka ɗora Dogo. Tela ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, haka.

Matarsa ta durƙusa a kansa. "Baban yara, ina abin yake? Ka nuna mini da ido ma."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba kalma a ciki. Hannunsa mai lafiya ya damƙe bakin zanenta kawai.

Tela ya kira mai wayarin. Ina jin muryarsa daga wayar: "Wallahi ban sani ba. Ga ni nan, amma ina can ƙarshen gari."

Na ce wa tela ya matsa. Na hau kujerar, na bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya. Madubi ba komai. Ƙarƙashin kujera na taɓo tsumma da sifana. Aljihun gaba takardu ne. Duk inda na laluba sai in ce ya murɗa, ya miƙo hannu ya murɗa. Na gama bakwai na sake farowa. A zagaye na uku tarin injin ya fara ja, yana nauyi, daga nan sai ɗan ƙas-ƙas. Batir ya ƙare.

Muka ciro ƙyauren banɗaki muka ɗora shi, ni da tela da mata biyu. Sau huɗu muna ajiye shi kafin mu kai titi, biyu daga ciki saboda ni. Mai tasin da ya tsaya mana ya yi gudu iya ƙoƙarinsa. Dogo ya cika muna hangen ƙofar asibiti.

Washegari da yamma mai wayarin ya zo da batir a kafaɗa, domin motar ta tare ƙofa kuma mutane na ta shigowa gaisuwa. Ya ɗaura batirin a motar. Ya yanka salatif ya bi wayar da ya jona da yatsa, ta gangara ƙasa, ta shige ƙarƙashin robar da ke gefen kuloci. Makunnin yana nan, daidai inda diddigen hagu ke sauka. Wata huɗu ina kallon hannuwan Dogo, ban taɓa duban ƙafarsa ba.

Mai wayarin ya taka wurin, ya murɗa makulli. Injin ya tashi a bugu ɗaya, ƙararsa ta cika gidan. Masu zaune a tabarma suka waiwayo. Matar Dogo ta fito bakin ƙofar ɗaki ta tsaya tana kallon hayaƙin.

Wani maƙwabci da ya dawo daga tafiya a ranar, bai lura da ita ba, ya juyo wajena.

"Wai Baffa, ko matarsa ma bai gaya wa ba?"