Ranar da Aka Yaye Rufin Ɗakin Goggo

Ƙusar farko da aka zare ta yi ƙara kamar kukan tsohuwar ƙofa. Goggo ta ɗaga kai daga kan katifa. Can sama wani ya yi gyaran murya, kwanon rufin ya motsa, sai ga haske ya zubo cikin ɗakin gaba ɗaya, har sai da ta kare idonta da bakin zane.

"Subhanallahi! Akwai mutum a ciki!" in ji wanda ke saman rufin. Wani dattijo ne mai fensir a bayan kunne, ya leƙo da guduma a hannu. "Baiwar Allah, ki yafe ni. Ce mini aka yi ɗakin ajiya ne."

"Ba a yi maka ƙarya ba," Goggo ta ce. "Ni ce ajiyar."

Kafintan ya yi dariya har rufin ya girgiza. Ita kanta ta yi mamakin bakinta, don ta daɗe ba ta gwada shi a kan baƙo ba.

Ɗakin nata shi ne na ƙarshe a gidan yayanta, bayan madafa. Tun tana budurwa farfaɗiya ta kama ta. Da iyayensu suka rasu, Yaya ya ɗauke ta, bai taɓa barin ta da yunwa ba, magani kuma ba ya yankewa. Sai dai akwai ranar da ciwon ya kayar da ita a gaban baƙi, kowa ya ja da baya yana janye yaransa, wai kada yawunta ya taɓa su. Daga ranar matar Yaya ta fara maganar 'yan matan gidan da ke tasowa, da abin da dangin masu neman aure za su ce. Ba wanda ya kulle Goggo. An dai riƙa cewa ta zauna ciki ta huta, har hutun ya zama shekaru.

Yanzu Yaya ya gaji da hayaƙin janareta da rigimarsa, ya yanke shawarar sa sola. Mai solar ta zagaya gidan jiya, ta ce babu rufin da rana ke wuni a kansa kamar na ɗakin baya, amma gara ta cinye katakon, kwanon kuma duk tsatsa, ba zai ɗauki nauyin farantin sola ko ɗaya ba. Dole a yaye, a sake.

Yaya ya shigo da sauri, hularsa a karkace. "Na ce su jira in fito da ke, ashe mutumin nan sammako gare shi. Taso, ƙanwata, kada wani abu ya faɗo miki."

Matarsa na bakin ƙofa. "A kai ta ɗakina mana."

"Ɗakinki cike yake da farantai da batura, ko wurin sa ƙafa babu. Ta zauna a inuwa, yini ɗaya ne."

* * *

Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiyar tsakar gida. Goggo ta zauna tana kallon komai kamar baƙuwa. Bishiyar da ta sani iya kafaɗarta yanzu ta wuce katanga. Iska ta bi ta wuyanta, ta ji wani sanyi har cikin ƙashi, mai daɗi.

Aiki ya kankama. Kafinta na miƙo tsofaffin kwanuka, Yaya na karɓa yana jinginawa, ya naɗe hannun riga kamar wanda ya san abin da yake yi. Da aka sauko da katakon farko, ya danna shi da yatsa sai ya rugurguje ya zama gari.

"Kin ga abin da kike kwana a ƙarƙashinsa?" in ji kafinta daga sama.

"Ai mun saba da garar. Da dare ina jin su suna cin abincinsu, ko tayi ba sa yi mini."

Mai solar, wata mace gajera mai hular kwano da igiyar awo rataye a wuya, ta zo ta zube wata jakar ƙusoshi da notuna a gaban tabarmar. "Goggo, tun da bakinki na aiki, hannu ma ya yi. Sun cakuɗe mini a mota. Dogaye gefe, gajeru gefe, masu roba a wuya su ne na kwano, kada ruwa ya bi ramin."

Goggo ta jawo jakar. Ba a jima ba yatsunta suka tuna kansu. Kafin a gama kafa sabon katako ta jera komai a murafan kwanoni, har tana gyara wa kafinta.

"Malam, wancan na gefen hagu ya karkace."

"Daga nan ƙasa kika gani?"

"Shekara nawa ina kwance ina kallon rufin nan? Ko makaho ya san hanyar ɗakinsa."

Ya ɗora ma'auninsa, sannan ya zare ƙusar ya sake bugawa. Yaya ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. Rabon da ta ji wannan dariyar tun suna yara, lokacin da suke satar hawa katanga mahaifiyarsu na bin su da muciya.

* * *

Labarin sola ba ya ɓuya a unguwa. Da rana ta take, maƙwabta suka fara shigowa, wai sun zo yi wa Yaya murna, alhali farantan suke son gani. Aka fito da guda ɗaya aka jingina da bango, baƙi wuluk yana sheƙi. Wani ya tambaya ko yana aiki in hadari ya haɗu, wani ya ce shi dai a ba shi izinin kawo wayarsa caji. Matar Yaya na ta kai da kawo da ruwan sanyi, tana tsayawa daidai inda jikinta zai kare tabarmar.

Goggo ta sunkuyar da kai. Tana sauraren jikinta, tana jiran wannan ɗanɗanon ƙarfe da ke zuwa mata a baki kafin ciwon ya tashi. Ya Allah, ba yau ba. Ba a gaban mutane ba.

"Barkono?"

Babu mai kiran ta da wannan sunan sai mutum ɗaya. Wata doguwar mace ce tsaye, da tsinken kitso soke a gashinta, ta saki baki.

"Doguwa," Goggo ta ce a hankali.

"Barkono, ke ce? An ce mana kin koma wajen dangin babanku! Ina bayan katangar nan, katanga ɗaya tsakaninmu, ina ta aika miki gaisuwa wani gari?"

Gudumar sama ta dakata. Yaya ya duƙa yana gyara kwanon da ba ya bukatar gyara.

Goggo ta dubi yayanta, ta dubi ƙawarta. "To ai gaisuwar ce ba ta da ƙafa. Da kin jefo ta ta saman katanga da ta same ni."

Doguwa ta yi dariya da hawaye a idonta, ta zube a kan tabarmar ta rungume ta, kumatu a kan kumatu, ba tare da ta goge komai ba. Sannan ta zame ɗankwalin Goggo ta yi salati. "Wannan kan ko gonar da aka yi wa ƙaura! Juyo nan."

Nan take ta sa ta tsakanin gwiwoyinta ta fara tsaga. Hira ta ɓarke. Wa ya yi aure, wa ya yi tumbi, wane saurayin da Goggo ta taɓa kora da baƙar magana yanzu jikokinsa sun cika gida. Matan da suka zo kallon sola suka dawo gindin bishiya, wasu a tsaye nesa kaɗan, wasu suka zauna. 'Yan matan gidan ma suka matso, suna kallon goggonsu kamar yau aka kawo ta. Ta ba su labarin ranar da babansu ya faɗa cikin kwata da kayan makaranta, Yaya na cewa ƙarya ne, kafinta na cewa daga sama shi dai ya yarda.

Ciwon bai zo ba. Rana ta yi ta tafiya abinta.

* * *

La'asar ta yi sanyi lokacin da aka aiko kiran Doguwa, jikarta ta ƙone da ruwan zafi a hannu. Ta miƙe tana ɗaura mayafi. "Saura ɓari ɗaya. Kada ki kwance mini shi, gobe da hantsi ina nan."

Sabon kwano ya hau, fari tas. Mai solar ta taka shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta buga ƙafa, ta ɗaure ƙarafan da farantan za su zauna a kai, ta ce ko giwa aka ɗora zai riƙe. Aka share ɗakin, aka mayar da katifa. Yaya da kansa ya riƙo hannun Goggo, fuskarsa cike da farin ciki.

"Gobe in an ɗora farantan, ɗakinki za a fara ja wa waya. Ƙwai mai haske, da fanka, har rediyo zan sa miki. Kin ga ba sai kin riƙa fitowa shan iska ba."

Ta dube shi. Da gaske yake, kyauta yake ba ta da zuciya ɗaya.

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Washegari tun da hantsi ta yi wanka ta zauna a bakin katifa, kanta a buɗe. A sama ana jan farantai, inuwarsu ba ta ko shigowa, don sabon rufin ba shi da huda ko ɗaya. Ta ji sallamar Doguwa a ƙofar gida, ta ji takun matar Yaya ta nufi can da sauri.

"Ayya, ta sha magani ta kwanta. Jiyan nan ta gaji da yawa. Sai wani lokacin."

Aka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, sannan ƙofar gidan ta rufu.

Goggo ta kai hannu ta shafa kanta, ɓari ɗaya a kitse lafiya lau, ɗayan a tsefe. Ta ɗan jira ko za a sake sallama. Daga nan ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura a hankali, yadda ba zai ɓata kitson ba.