Ƙamshin Man Shanu a Kumatun Berina

Ranar da aka sallamo Girgis daga asibiti, matarsa Dimyana ta tsaya gaban kyandir a cocin unguwarsu ta Shubra ta yi bakance: bana duk gidan za su yi babban azumi, kwana hamsin da biyar cur, har yara. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Wake da safe, miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, da rana, gobe a juya.

Abanub mai shekara tara kullum sai ya yi ƙorafi. Amma ƙanwarsa Berina, wadda a da sai an yi dambe take taɓa wake, ko uffan. Sai ma sheƙi take yi. Rana ta goma sha biyu Dimyana ta sunkuya za ta sumbace ta, ta tsaya cak.

"Ke, zo nan. Hura min."

Man shanu! Ba ko tantama.

"Wa ya ba ki?"

"Mama, ai ƙarya zunubi ce, shi ya sa na yi shiru."

Kai, ji 'yar shekara shida! Dimyana ta fara bincike kamar ɗan sanda. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shinshina tukwane, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarta Musulma, Ummu Tarik, wadda ba yaron da ke wuce ta hannu banza.

"Haba 'yar'uwa!" in ji Ummu Tarik. "Shekara ashirin muna ƙofa da ƙofa, ban san azuminku ba? Ko biskit zan ba ta sai na karanta bayan leda. Amma dai... tun yaushe maigidanki ya fara son tattabaru haka?"

Dimyana ta hau saman bene a hankali, takalmi a hannu. Bayan akurkin tattabaru ga Girgis a tsugune gaban ƙaramin risho, ƙwai uku na tsalle cikin man shanu, Berina a gefe da gutsuren burodi tana jiran ladan rufe baki.

"Sannu da ibada, baban Abanub."

Saura kaɗan ya kifar da kaskon. "Tsaya ki ji! Abuna, limamin cocinmu, shi ne ya sauƙaƙe min da na je ikirarin zunubi. Ya ce mai jinya ya ci."

"Ita ma jinyar take?"

"Ita kama ni ta yi."

Dimyana ta dube shi. Saboda wannan mutumin fa ta ɗaure gida duka da wake! Sai ta ɗauki kaskon da gefen mayafinta.

"Tunda Abuna ya halatta, ai ba abin ɓoyo ba ne. Sauko ka ci a tebur kamar mai gida."

Aka zauna. Kowa da kwanon adas, shi da ƙwansa a tsakiya. Abanub ya zuba masa ido. Cokali ya tashi, idon ya tashi. Cokali ya sauka, idon ya sauka.

Loma biyu Girgis ya iya. Ya ture kaskon.

"Abanub, kai wa Ummu Tarik. Dimyana, zuba min adas ɗin nan."

"Jinyar fa?"

"Na warke."

Berina ta dubi ƙwan yana fita ƙofa, ta ja kwanonta, ta tambaya ko saura kwana nawa.

"Arba'in da uku," in ji uwar. "Naki da na babanki kuwa, sai mun ji ta bakin Abuna."