Dubiya a Shumaisi

Maiwada ya sa aka tsayar da mota a bakin wani shagon kayan marmari a unguwar Suwaidi, ya sauka ya sayo lemo da ayaba, ya dawo ya zauna kusa da ɗansa yana rungume da ledar kamar wani zai ƙwace.

"Ja mu je, kar lokacin dubiya ya wuce," ya ce, idonsa na kan titi.

Sadiƙ ya ja mota. Shekararsa ashirin da huɗu, a nan Riyad aka haife shi, Hausarsa ma ba ta yin nisa sai ta dafa Larabci. Shi ne ɗan fari, don haka tun ranar suna Maiwada bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", in kuma abin ya yi daɗi ƙwarai, "malam".

Kamfani ɗaya suke yi wa tuƙin tankar ruwa. Kamfanin yana neman direbobin da za su je kudu, ƙauyukan kan iyakar Yaman, inda aka fi shekara ana jefa wa juna wuta ta saman duwatsu. An ce yanzu an tsagaita, hudna suke kiranta. Sadiƙ ya je da ƙafarsa ya rubuta sunansa, ranar Asabar za su tashi. Da Maiwada ya ji, ya ce yaron ba zai je ba. Yaron ya dube shi irin duban 'ya'yan ƙasar nan, ya tambaye shi dalili. Maiwada ya ce dalilin shi ne ya faɗa. Sai yaron ya ciro waya ya karanta masa labarin yarjejeniya da Larabci mai kyau, har da sunan garin da aka zauna. Kwana uku ke nan tuwo ba ya wuce wa Maiwada wuya.

Daga nan dabarar dubiya ta faɗo masa. Bashari, abokinsa na shekara talatin, yana kwance a wani asibiti a unguwar Shumaisi. Shi ya riga kowa zuwa kudun, kuma a kwana na biyar da hudnar harsashin igwa ya sauka kusa da tankarsa. A takardar kamfani kuwa an rubuta cewa ya faɗo daga saman tanka ne, domin a hukumance ba a harbi a wannan makon, harsashi kuma ba shi da izinin faɗowa. Lissafin Maiwada mai sauƙi ne. Yaro zai ga jikin Bashari da idonsa, zai ji labari daga bakinsa, ya je ya goge sunansa da kansa, ba tare da uba ya zubar da girmansa ba.

Sun tarar da ɗakin cike da 'yan uwa. Direbobi, teloli, da wani mai sayar da turare a unguwar Badi'a, duk sun kewaye gado, an tara ledojin lemo a kan loka kamar za a buɗe shago. Bashari na zaune an tokare masa baya da filo, da hularsa a kai, bargo ya rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya rame, kunnensa na hagu ya mutu, sai ya juyo da na dama.

"Ya jiki, Bashari?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi. Sauƙi sai daɗa samuwa yake."

Maiwada ya tura Sadiƙ gaba. Yaron ya rusuna ya gaida Baba Bashari, aka sa masa albarka, aka tambaye shi yaushe za a ci tuwon bikinsa. Maiwada ya bari gaisuwa ta lafa, sannan ya ce, kamar maganar ta zo masa yanzu, wai wannan yaron ma kudun zai tafi ranar Asabar, ko Bashari zai ɗan ba shi labarin wurin.

Bashari ya gyara zama. Ya ce ƙasa ce mai albarka. Akwai mangwaro, akwai zuma ta gaske, ba irin ta kwalba ba. Mutanen wurin kuma sun san baƙo, ba ka sauke ruwa a ƙofar mutum ka tafi ba ka sha gahawa ba.

"Harbin fa?" in ji Maiwada.

"Ɗan ƙara ne, kamar taya ta fashe."

"Ƙafar fa?"

"Likitoci sun ɗan gyara ta."

Mai turare ya karɓe zancen. Ya ce shi ya bi labarin yaƙin nan tun farko a waya, kuma ya tabbata wanda ya sami Bashari tsohon harsashi ne, tun kafin hudna aka harbo shi, hanya ce ta yi masa nisa. Wani tela ya ce ko kaɗan, kuskuren saiti ne, dutse suka nufa. Aka yi ta gardama a kan wane ɓangare ne ya fi iya saiti, cikin mutanen da babu wanda ya taɓa riƙe ko bindigar harbin tsuntsu. A ƙarshe aka haɗu a kan cewa kwana in ya ƙare ko a kan katifa ne sai an tafi, kowa ya gyaɗa kai ya ɓare lemon mara lafiya.

Maiwada ya ga dabararsa tana neman rushewa. Ya dubi bargon. Tudu biyu ne a ƙarƙashinsa, alhali ya san an yanke ƙafar dama daga gwiwa. Filo aka cusa a wurin don kada hankalin masu dubiya ya tashi. Ya matsa ya ce bari ya gyara wa abokinsa rufa, ya kama gefen bargon ya ja. Bashari ya riƙe ɗaya gefen. Maiwada ya ƙara ja yana murmushi, Bashari ya ƙara riƙewa yana murmushi, dattawa biyu suna ja-in-ja a kan bargon asibiti suna yi wa juna sannu. Mai ƙafa ɗaya ne ya yi nasara.

Da nas ta leƙo ta ce lokaci ya kusa, jama'a suka yi addu'a suka watse. Maiwada ya ce wa Sadiƙ ya je ya fito da mota, yana zuwa.

Ƙofa na rufewa Bashari ya cire hular ya ajiye, fuskarsa ta sauka gaba ɗaya. Ya ba da labarin a hankali, yana kallon bango. Da hantsi ne. Mata sun yi layi da jarkoki a bayan tankar, wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ita ke riƙe masa bakin tiyo, tana dariyar Larabcinsa. Bai ji ƙarar komai ba. Ya dai farka ya ga ruwa yana ta zuba a ƙasa, tiyon na wutsil-wutsil shi kaɗai babu mai riƙe shi. Mutum huɗu aka binne a ƙauyen ran nan. Da yamma rediyon motar asibiti ta ce hudna na nan daram.

"Maiwada, kar ka bar yaron nan ya je. Ko ɗaure shi za ka yi."

"To me ya hana ka faɗa yana tsaye? Mangwaro ka ce masa. Zuma."

"A gaban yaro? Ni na yanka ragon sunansa. In zauna ina kuka a gabansa, ga jama'a, ana kallon dungulmin ƙafata? Kai ne ubansa, ka gaya masa mana."

Maiwada ya ce ai ya gaya masa. Bashari ya tambaye shi me ya ce. Ya ce ya hana shi. Bashari ya ce wannan ba shi ne abin da ya tambaya ba.

Maiwada ya laluba aljihu ya ciro waya, ya yi ta dannawa har ya gano inda ake ɗaukar murya, ya kara ta kusa da bakin abokinsa ya ce ya maimaita, ko rabin labarin ne. Bashari ya dubi wayar. Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa ya sa, ya yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum, 'yan uwa. Jiki da sauƙi, Alhamdulillahi. A ci gaba da addu'a."

Maiwada ya kashe wayar ya fita ko sallama bai yi ba.

Suka kama hanya suka fita daga Shumaisi. Cunkoson bayan la'asar ya kama su. Maiwada yana ta juya sabuwar dabara a ransa, ko ya ce uwar yaron ce ba ta so, sai ya tuna ita Bilƙisun ce ta goge masa kayan tafiyar da hannunta. Suna tsaye a danja Sadiƙ ya yi magana, hannunsa biyu a kan sitiyari.

"Baba, filo ne. Na gani tun da muka shiga. Ƙafa ba ta lanƙwasa haka."

Sadiƙ ya juyo ya dubi ubansa.

"In ba ka so in je, khalas, shi ke nan, ba zan je ba. Amma ka gaya mini dalili. Ba Baba Bashari ba, ba mai turare ba. Kai."

Maiwada ya dubi shagon wayoyi da ke gefen titi, ya dubi wata motar ɗaukar kaya, ya karanta lambarta har sau biyu. A gidansu can Kano, ubansa ya rayu ya mutu bai taɓa gaya wa ɗa abin da ke cikinsa ba, kuma kowa ya ce dattijon kirki ne.

"Tsoro nake ji," ya ce. Muryar ta fito siririya, ba irin tasa ba. "Kwana uku ba na cin abinci. In wani abu ya same ka ban san yadda zan yi ba." Sai ya ɗaga murya. "Kai, ba ka ga an ba da hannu ba ne? Ja mota."

Na baya sun fara danna oda. Sadiƙ ya tsallake danjar, ya gangara gefe ya tsaya, ya kira wakilin kamfani, ya bar muryar a fili. Ya ce a cire sunansa daga tafiyar Asabar, mahaifinsa ba shi da lafiya. Maiwada ya yunƙura zai ce lafiyarsa ƙalau, yaron ya ɗaga masa hannu.

Wakilin bai ko tambayi ciwon ba. Ya yi wa dattijo fatan sauƙi, aka ji yana buɗe takarda, ya ce babu damuwa ko kaɗan, akwai mai jiran gado a jerin sunaye, wani Harouna, ɗan Nijar, shi zai ɗauki tankar.

Maiwada ya san Harouna. Dogon yaro ne daga Maraɗi, sa'an Sadiƙ, bara ya zo, shi ke ba Maiwada wuri a sahun gaba ranar Juma'a. Ba shi da kowa a Riyad.

Sadiƙ ya ajiye wayar ya tambayi ubansa ko su tsaya su sayi abinci, tunda kwana uku ke nan. Maiwada ya daɗe yana kallon titi.

"Tsaya a wajen mai shinkafar can," ya ce. "Ka ce a sa nama da yawa."