Tulun da Aka Shayar

Ranar da babbar mota ta sauke ogan a ƙofar majami'armu a Tambuwal, har masu shayin bakin titin Sakkwato sai da suka leƙo. Wani ɗan ikilisiya da ya yi arziki a Legas ne ya aiko da shi. Abin kiɗa ne mai bututai a jere, wasu ba su wuce sarewa ba, wasu sun fi mutum tsawo. Da Istifanus, malamin makarantar da aka tura ya koyo kaɗa shi, ya taka na ƙasa da ƙafa, sai da kwanon rufi ya amsa. Mu 'yan Zumuntar Mata har guɗa muka yi.

Murnar ba ta daɗe ba. Mai haɗa ogan ya ce zafin garinmu zai tsattsage katakon ciki, sai an riƙa ajiye ruwa kusa da shi domin laima. Dattijo Ɗangiwa, shugaban dattawa, ya waiga neman mazubi, idonsa ya faɗa kan tulun kiɗanmu. Ya sa aka cika shi fal aka tura bayan ogan. Sannan ya sanar cewa daga yanzu ba tulu ba caki a sujada, wai mun shiga zamani. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Da Mama Keziya yake. Ungozoma ce da ta yi ritaya, rabin masu zama a bencin gaba ita ta yanke musu cibiya, har da Istifanus. Tun ana sujada a rumfar zana take buga bakin tulun nan da soso. Ita ke ba da waƙa daga inda muryarta ta ga dama, mu amsa, tulu ya riƙe mana ƙafa. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai saboda ita.

Ana jibi bikin keɓe ogan ta ce in raka ta Kebbe. Muka hau mashin har gidan Atu mai ginin tukwane, tsohuwar ƙawarta Musulma, wadda ta gina tulun.

"Atu, wani nika so awa wancan," in ji Mama Keziya.

Atu ta ɗaga hannuwanta suna karkarwa. "Keziya, hannu ya ƙi. Wancan shi na ƙarshe da nig gina da murya. Mi as same shi?"

"Ruwa anka ba shi."

"Tulun kiɗa? Wa ad da wanga aiki? In ya jima shina sha, muryatai ta tahi ke nan. Maza ki hisshe shi." Ta nuna wata randa da 'yarta ta gina. "Ɗauki wagga, ita anka yi don ruwa."

Ranar Lahadin bikin majami'a ta cika, ga baƙi daga Sakkwato, ga Rabaran a bagade. Istifanus ya soma waƙar buɗewa, bututai suna ta ruri. Sai ga Mama Keziya ta shigo cikin zanin zumunta, randa a kanta, tana tafe a tsakiya kamar mai zuwa rafi. Ta sauke ta bayan ogan, ta jawo tulu, ta juye ruwan cikin randa har ana jin ɓulɓul ɗinsa. Ta gangaro da tulun gaba, ta zauna, ta zaro soso daga ɗamara.

Ɗangiwa ya sauko da sauri, ya rage murya. "Mama Keziya, don Allah ba yau ba. Akwai baƙi."

"Dattijo, baƙonku ya ji ƙishi, ga randa nan na kawo mai. Tulu kau aikinai na jiranai."

Ta buga. Wayyo, muryar ta dishe, ba amon nan da ke kaiwa har bakin titi. Na ji kamar in yi kuka. Ɗangiwa ya yi wa Istifanus alama ya ƙara, ogan ya danne komai. Mama Keziya ba ta yi gasa da shi ba. Ta jira ƙarshen baiti, inda kowa ke jan numfashi, sai ta jefa waƙarmu ta godiyar kaka.

Tsoro ya hana mu amsawa. Ta sake jefawa, ita da tulunta duk a dishe. Wadda ta fara amsawa Tabita ce, matar Ɗangiwa, idonta a ƙasa amma muryarta a sama. Daga nan ba wanda ya iya tare mu. Istifanus ya ɗage hannu, ya saurara, sannan ya laluba da ƙafa har ya sami inda muryar Mama take, ya bi ta a hankali. Waƙar ba ta cikin littafinsa, amma da ita aka goya shi.

Dattawa ba su ƙyale ba. Suka sa Mama Keziya cikin horo: a sauke ta daga shugabancin Zumuntar Mata, ta koma bencin baya inda masu laifi ke zama. Ta ce ta ji. Ta ɗauki tulunta zuwa gida, ta kife shi a rana har amon ya soma dawowa, ko da yake bai koma kamar da ba.

Lahadin da ta biyo baya ta zauna can baya, tulu tsakanin ƙafafunta. Na tashi na koma kusa da ita. Tabita ta biyo ni, sauran suka kwaso jakunkuna, har bencin matan gaba ya zama wayam. Rabaran ya kira lambar waƙa, Ɗangiwa ya dubi Istifanus ya ce ya soma. Istifanus ya ɗora yatsu, bai danna ba. Ya juya wuya zuwa bencin horo yana jiran Mama ta ɗaga soso.