Hayaƙi Gaban Taya

A shekarar da fari ya sake komowa, bayan sojoji sun yi shekara goma riƙe da mulki, Dauda yana tuƙa wata bashe mai shan gazuwal, ƴar buɗaɗɗiyar motar kaya ta wani ofishin raba taimakon abinci a Yamai. Iyayensa mutanen Tawa ne, amma shi a unguwar Lazaret ta Yamai ya tashi. Kowace Litinin da Alhamis yakan loda buhunan jar dawa ya kai ƙauyukan arewa, inda gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne bututun hayaƙin motar. Bututun ya bi ta ƙarƙashi har ya fito can baya, to in aka yi lodi gindin motar ya zauna, duk busasshiyar ƙoramar da aka gangara sai bakinsa ya daki ƙasa. Sau uku yana karyewa cikin wata guda. A karo na ukun Dauda ya cire shi gaba ɗaya ya jefa bayan mota, ya shigo gari tana ruri, mutane na leƙowa daga shaguna.

Bai zame ko'ina ba sai unguwar Kalley, wurin Baba Jibo mai walda, wani dattijon Bazabarme da ya koyi Hausa a kasuwa.

"Baba, na gaji," in ji Dauda. "Kada ka sake liƙa mini shi. Ka yanke, ka fito da shi ta gefe, gaban tayar baya. Can ƙasa ba ta kai wa."

Baba Jibo ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar, ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Da ya fito ya ce, "Wane gefe?"

"Dama."

"Dama akwai tiyon birki kusa. Hagu ya fi sauƙi."

"To, hagun. Ni dai in daina tsintar ƙarfe a daji."

Kafin la'asar aka gama. Ranar Alhamis Dauda ya yi lodi ya kama hanya ransa fari. A bakin gari akwai shingen sojoji inda ake duba takardu. Ya tsaya bai kashe mota ba, don batirinta ya mutu tun watan azumi, sai an tura take tashi, takardar neman sabo kuwa tana can ofis ana ta cewa gobe. Wani sarjan ya zo ta gefen direba, wandonsa ya sha guga, ya karɓi takardu ya ɗan ja baya yana duba buhuna. Injin ya fara rawa kamar zai mutu, Dauda ya taka masa wuta kaɗan. Baƙin hayaƙi ya fito daga sabon bututun ya lulluɓe wandon sarjan daga gwiwa zuwa takalmi.

Sarjan ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Dauda. Bai ɗaga murya ba.

"Kashe mota."

"Shef, in na kashe ba ta tashi."

"Na ce kashe."

Awa uku Dauda ya yi zaune a rana bakin hanya, mota tara ta wuce yana kallo. Da azahar sarjan ya mayar masa da takardu, ya ce in ya sake ganin bututun nan ta wannan gefe, motar a nan za ta kwana har damina. Wasu masu jakuna ne suka taimaka aka tura ta.

Washegari ya koma Kalley. Baba Jibo ya saurari labarin har ƙarshe yana tauna goro.

"Kai ka ce hagu."

"Ni dama na ce, Baba. Kai ka ce hagu ya fi sauƙi."

"Ya fi sauƙi mana. Ban ce ya fi kyau ba."

Dauda ya ce a mayar da shi dama. Aka yanke, aka lanƙwasa, aka ratsa da bututun ta ƙarƙashi zuwa dama, aka sa farantin ƙarfe tsakaninsa da tiyon birki don kada zafi ya cinye shi. Baba Jibo ya karkatar da bakin ya dubi ƙasa, ya ce yanzu ko wandon waye ya tsira.

Ranar Litinin ya wuce shingen lafiya, sarjan bai ko ɗaga kai ba. Ya tsallake ƙoramu huɗu, ba abin da ya taɓa ƙasa. Da hantsi ya isa ƙauyen da aka tura shi, ya tsaya kan rairayi gaban rumbun mai gari, injin na aiki, don a wannan yashi ba mai iya tura mota. Maza suka hau sauke buhuna ta gefen dama. Buhunan sun sha hanya, wasu sun huje, ƙwayar dawa na zuba. Mata suka durƙusa da ƙoransu suna tsincewa ɗaya-ɗaya, kamar yadda suka saba, don a shekarar nan ba a barin ƙwaya a ƙasa.

Bututun kuwa daidai nan yake hurawa. Yana tada yashi, yana fesa baƙin toka a kan dawar.

Wata tsohuwa da ake kira Inna Kadi ta miƙe ta zo har tagarsa, ta miƙa masa ƙoƙonta.

"Ɗana, sunsuna."

Ya sunsuna. Gazuwal zalla.

"Wannan za mu dafa wa jikoki? A da motar nan ta baya take fitar da abinta, ba ta dame mu ba. Wa ya ba ka wannan dabara?"

Dauda ya mayar mata da ƙoƙon. Ya matsa da motar gaba, ƙwayar ta bi buhunan ta ci gaba da zuba a inda hayaƙin yake. Ya kwance bakin buhu ɗaya ya ɗebi tafi biyu ya zuba mata, ya san kuma sai ya yi bayani a ofis.

Da Baba Jibo ya hango bashen ta shawo kwana karo na uku, sai ya ajiye abin waldarsa ya riƙe ƙugu. Dauda ya ba shi labarin tsohuwar da dawarta, Baba Jibo ya girgiza kai.

"Hagu soja, dama tsohuwa, baya ƙorama. Saura ina? Cikin aljihunka?"

"Sama," in ji Dauda. "Amma sai in na tsaya."

Dattijon ya shiga tarin ƙarafansa ya zaƙulo wani bututu mai tsawon kamu huɗu, ya lanƙwasa masa gwiwa a ƙasa yadda zai shige bakin na motar ya miƙe tsaye. A hanya a cire, in an tsaya a saka. Ya haɗa masa da tsumma don zafi, ya ce kada ya sake ganin motar nan sai in ƙafarta ta fita.

Ranar Alhamis Dauda ya tsaya gaban rumbun, ya fito ya soka bututun, ya ƙona yatsa biyu duk da tsumman. Hayaƙi ya tashi sama ya wuce kawunan mutane, toka na sauka a hankali kan hularsa da kafaɗunsa. Inna Kadi ta tsinci dawarta, ta kai ƙoƙon hanci, ta gyaɗa kai. Dauda ya tsaya yana jiran ta ce wani abu.

"Ran Litinin buhu goma sha shida ka kawo," in ji ta. "Yau sha huɗu na gani. Ina biyun?"

Ya ce ba shi ke rabawa ba, abin da aka loda masa shi ya kawo. Ta ce to ya gaya wa masu lodin. Ya zare bututun da tsumma, ya jefa shi bayan mota, ya juya ya nufi Yamai yana hura yatsunsa.