Sojojin Hansai Ba Su da Fuska

Kun sha wucewa ta gaban shagon nan na Old Kent Road, kun hango manya sun duƙufa kan tebura suna tura 'yan sojojin roba da ba su kai tsawon yatsa ba. Kuka ce wasan Turawa ne, kuka kau da kai. To, akwai 'yarku a ciki, kuma ranar Asabar ɗin da aka nemi tashinta daga tebur babu ko ɗayanku a wurin.

Sunanta Hansai, ɗalibar haɗa magunguna, tana zaune gidan goggonta a Catford. Wata bakwai ta ɗauka tana yi wa rundunarta fenti, soja arba'in da biyu, da burushin da bai fi gashin ido kauri ba. Har tsatsar bakin takobi sai da ta zana. Amma kowane soja, kafin fenti ya taɓa shi, sai ta sa abin goge farce ta shafe masa ido da hanci da baki. Abin da ta yarda da shi ke nan tun tana Islamiyya a Kano: surar da ba fuska ba ta cika sura ba. Ba ta taɓa cewa wani ya bi ta ba. A gida ma, duk da haka, goggo gumaka take kiransu.

Graham, mai shirya gasar, ya ɗaga soja ɗaya ya jujjuya shi a haske. Ya yaba aikin ƙwarai, sannan ya ce dokar kulob ta hana shiga gasa da sojan da ba a gama ba, ga fuska kuwa fayau. Ya ce tana iya tsayawa ta yi kallo. Hansai ta nuna masa rundunar tebur na biyu, duk fuskokinsu rufe da kwalkwali. Ya ce wannan daban ne, haka kamfani ya ƙera su.

Wanda aka haɗa ta da shi a zagayen farko shi ne Jamaldeen, mutumin Kumasi, direban bas, shekararsa tara a kulob ɗin. Ya ja ta gefe, ya zaro siririn alƙalami daga aljihu. Ya ce shi bai taɓa samun matsala da kowa ba a nan. In lokacin salla ya yi, sai ya sulale sito ya yi abarsa tsakanin kwalaye. In an tashi zuwa mashaya bayan wasa, sai ya ce kansa na ciwo.

"Ƙanwata, ɗigo biyu ne kawai," in ji shi da Hausarsa ta Kumasi. "Ka sa mashi ido, ka yi playing, ka koma gida ka goge. Wa zai sani? Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki."

"Yaya, shekara tara kanka na ciwo duk Asabar? Ai ya kamata ka ga likita."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya mayar da alƙalamin.

Ta koma teburin da aka rubuta sunanta, ta buɗe akwati, ta shiga jera sojoji ɗaya bayan ɗaya, tana auna tazararsu da tef kamar yadda doka ta ce. Soja ɗaya ya faɗi, ta tashe shi. Graham ya matso, ya faɗa a hankali amma yadda kowa zai ji, cewa duk wanda ya buga da wannan runduna, shi ma ya fita daga gasar. Surutun ɗakin ya ragu. Wasu suka sunkuya kan littafin dokoki kamar yau suka fara ganinsa.

Jamaldeen na tsaye a ɗaya gefen teburin, akwatinsa a hammata, bai buɗe ba, bai kuma tafi ba.

Hansai ta tattara dayis ɗin wasan guda shida, irin na lido, ta tura su tsakanin 'yan duwatsun kwali har suka tsaya a gabansa.

"Ni dai na yi booking, na gama aikina, ba inda zan tashi," ta ce. "Kai ne da farawa, Yaya. Ajiye akwatin nan ka jefa."